Daga Garwa Zuwa Jarka: Gidan Mai da Fijo a Bakin Iyakar Araba

Wanda ya taso daga Sakkwato ya bi ta Kware da Gwadabawa, tun kafin ya shiga Illela zai lura cewa gidajen mai sun yi wa hanyar yawa. Wasu na aiki, wasu an ja musu sarƙa, fentinsu ya koɗe, ciyawa ta tsiro a gindin famfo. Daga nan zuwa Araba, inda ƙasar Najeriya ta ƙare ta Ƙonni a Nijar ta kama, jarkoki da kwalabe ne jere a bakin titi, kowane da yaro zaune a gefensa riƙe da mazurari. Amma idan dattawa suka zauna hira bayan la'asar aka ɗauko zancen gidan mai, duk ba waɗannan suke nufi ba. Na da suke nufi, mai famfo ɗaya ko biyu, da rumfar kwano, da randar ruwa a gefe, da Fijo an ɗaga mata bonet tana hucewa. Ina cikin masu wannan bege, kuma ba na ɓoye shi. Sai dai duk lokacin da hirar ta kai ga cewa da mai yana da arha, nakan ji an bar rabin labarin a baya, domin a nan bakin iyaka arhar man da muke kukan rashinta ita ce ta fara cinye gidan man da muke bege.

Mota ta iske wannan hanya a buɗe tun tuni. Ayarin raƙuman Azbinawa da jakunan fatake sun daɗe suna sauka da gishiri da kanwa da dabino, suna komawa da hatsi da tufafi da goro, tun Ƙonni da Sakkwato ba su san wani layi a tsakaninsu ba. Bayan yaƙin Giginya na 1903 a Sakkwato, Ingila da Faransa suka sake zana iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Faransa, ƙauyukan da ke kudu da ita suka zauna a na Ingila. Dangi ɗaya ne, kasuwanni ɗaya ake ci, amma aka wayi gari da kuɗi iri biyu da doka iri biyu, daga baya kuma farashin mai iri biyu.

Kananzir ya riga fetur shiga gidajenmu. Tun a 1907 kamfanin da aka sani da Mobil daga baya ya fara sayar da kananzir mai tambarin Sunflower a Najeriya, kayan Texaco kuma suka shigo a 1913 ta hannun CFAO. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Saboda haka duk ɗigon man da ya zo wannan yanki sai da aka sauke shi daga jirgi aka ɗora wa mota. A garwa yake zuwa, mai cin galan huɗu, biyu-biyu cikin akwatin katako, ana saye a kantin Turawa. Direban da zai yi arewa da Sakkwato shi zai ɗauki man zuwa da na dawowa, ya tsaya a hanya ya fasa garwa, ya shimfiɗa ƙyalle a bakin mazurari ya tace. Garwar da aka juye kuwa ba ta zama shara. 'Yan ga-ruwa su rataya biyu a sanda, mai man gyaɗa ta zuba nata, maƙeri ya yanke wata ya yi fitila ko murfin tukunya. Bayan garwa sai ganga mai galan 44, da ɗan famfon da ake ɗaura mata a baki ana juyawa da hannu. A ƙananan garuruwa da yawa, ganga biyu a ƙarƙashin rumfa su ne gidan mai na farko.

Famfon da dattawa suka fi tunawa shi ne mai tulun gilashi a ka. Mai sayarwa ya kama ƙarfe yana kaɗawa gaba da baya, fetur ya riƙa hawa cikin gilashin har ya kai layin galan, sannan ya buɗe, man ya gangara ta tiyo zuwa tanki da nauyin kansa. A ɓangaren Faransa akwai mai gilashi biyu, kowane lita biyar, ɗaya na cika ɗaya na juyewa. Ba ya buƙatar lantarki, abin da ya sa ya dace da garin da ba a kai wa wuta ba. Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne mai saye yana kallon abin da ya saya. Yana ganin launinsa, yana ganin ko akwai ruwa ko datti a ƙasa, yana ganin ya kai layi ko bai kai ba. Manomin da bai san baƙi ko ɗaya na boko ba zai iya ƙirga galan nawa aka zuba, ya yi gardama idan an rage, kuma duk wanda ke wurin shaida ne. Da famfon lantarki mai mita ya zo, aiki ya yi sauri, layi ya ragu, amma daga ranar mai saye ya koma karɓar abin da lambobi suka faɗa masa, kuma daga nan aka fara jin kalmar “an taɓa mita” a bakin direbobi.

Gidan man ƙaramin gari ya fi famfonsa faɗi. Mai zuba mai ba ya tsayawa a kan tiyo kawai, zai buɗe lagireto ya ƙara ruwa, ya zaro sandar bakin mai ya goge ya sake tsomawa ya nuna wa direba, ya share gilashi da tsumma. A gefe ga mai faci da bahon ruwansa, yana nutsa tif yana neman inda kumfa ke fita. Ga mai shayi, ga tabarmar salla da butoci. Yara na zuwa da kwalba a auna musu kananzir na fitilar ƙwai. Wasiƙa da saƙon kuɗi da ƙullin magani a nan ake barin su, a ce a ba direban da zai shiga Sakkwato da safe, kuma su isa. Akwai littafin bashi, domin direban haya yakan sha mai ranar Asabar ya ce, “Alhaji, a rubuta, sai an tashi kasuwa,” ya biya da yammacin Lahadi bayan Illela ta watse. Ranar Laraba kuma a juya Ƙonni. Makon mai gidan mai a kan waɗannan kasuwanni biyu yake tafiya, ya san motar da za ta kwaso shanu, ya san wadda za ta ɗauko albasa, ya san direban da ke biya da wanda sai an bi shi gida. Karen mota, wanda Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙa sukutum, a nan yake kwana a ƙarƙashin bodin katako, da wejinsa kusa da kai.

Manyan gidajen mai na birni da na bakin manyan hanyoyi kuwa da hoto aka san su, tunda ba kowa ke karanta allo ba. Mobil jan doki mai fiffike, Agip baƙin kare mai ƙafa shida yana feso wuta, Texaco tauraruwa, BP garkuwa koriya. Total ya buɗe gidan mansa na farko a Yaba ta Legas a 1956, shekarar da aka haƙo ɗanyen mai a Oloibiri. Waɗannan sunaye sun yi ta sauya riga. Ɓangaren sayar da man Shell ya koma National a 1975, Esso ya zama Unipetrol a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ƙwace BP a 1979 kan batun wariyar launin fata a kudancin Afirka, ya zama AP. Daga baya National ya koma Conoil, Unipetrol ya haɗiye Agip ya fito da sunan Oando a 2003, Texaco ya zama MRS, AP ya bi ta Forte ya tsaya a Ardova. Har yanzu a garuruwan Arewa za ka ji ana kwatance da “tsohon Agip” a wurin da aka sauke karen shekaru ashirin da suka wuce.

Shekaru huɗu ne suka sauya komai a kan titi, daga 1972 zuwa 1975. Kafin 2 ga Afrilu 1972, Najeriya hannun hagu take tuƙi irin na Ingila, Nijar kuma hannun dama, don haka direban da ya wuce Araba dole ya tsallaka da motarsa ɗaya gefen titin, idan ya dawo ya sake tsallakowa. A ranar nan aka daidaita. Ranar 1 ga Janairu 1973 fam da sule suka ba naira da kobo wuri. A wannan shekara gwamnatin Gowon ta sa farashin mai ya zama ɗaya a duk faɗin ƙasa, a 1975 kuma aka kafa asusun da ke biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, domin mutumin Illela ya saya yadda mutumin Legas ke saye. Lita tana ƙasa da kobo 9 a lokacin. Adalci ne babba ga mu na ƙarshen hanya, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kuka da shi ba. Sai ga ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa a farkon 1975, malaman makaranta da akawuna suka tsinci kuɗin da ba su taɓa riƙewa a dunƙule ba. A watan Maris na wannan shekara Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot, wato Fijo, a Kakuri ta Kaduna, ana ɗauko sassan motar a jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, a ƙarasa da su Kaduna. Volkswagen ma ta fara harhaɗa ƙaramar motarta mai inji a baya a Legas, wadda iska ke sanyaya ta, ba ruwanta da lagireto. Malamai da ma'aikatan asibiti sun so ta ƙwarai.

Amma Arewa ta Fijo ce. Akori-kurar 404, da giyarta a jikin sitiyari, ita ce motar ƙauye. A yi mata ƙarafa a baya, a loda buhunan gero da wake, a ɗora awaki, mutane su zauna a sama ƙafafu na reto, ta shiga yashin da ke tsakanin ƙauyukan Illela da Gada ta fita. Idan ta kafe, fasinja su sauka su tura, wannan yana cikin kuɗin mota. Ita kuwa 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, ta zo da abin da hanyarmu ke buƙata: ciki a ɗage daga ƙasa, tayoyin baya ke turawa, ƙafafunta na shanye rami da gargada ba tare da ta karya wa fasinja baya ba. Waɗannan motoci sun gwada kansu a tseren Safari na gabashin Afirka, inda 404 ta yi na ɗaya a 1963, sannan sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968, 504 kuma ta ci a 1975. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan jami'ai su sauka daga Marsandi su shiga 504, sai ta zama motar kwamishina da ta alƙali da ta hakimi. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku ta zama motar dogon zango, Sakkwato zuwa Kaduna, Sakkwato zuwa Kano. Ita ke kai amarya, ita ke kai maniyyaci filin jirgi, ita ke ɗauko mara lafiya, ita ke dawo da gawa. Mota ɗaya ce talaka da mai mulki suka san ƙamshin kujerarta, bambancin kawai wani shi kaɗai ne a baya, wasu kuma su huɗu ne a matse. Ban san wata mota da ta sake haɗa mu haka ba.

Akwai wata hanyar da Fijo ke zuwa da ita wadda mutanen kudu ba su sani ba. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 404 ko 504 a ƙasarsu, su ƙetare teku zuwa Aljeriya, su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit da Agadas, su gangaro Tawa, su sayar da ita su sayi tikitin jirgin komawa gida da kuɗin. Titin Tawa yana haɗuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, gabas kaɗan da Ƙonni, saboda haka dillalan wannan yanki sun san waɗannan motoci, da yashi a cikin kujerunsu. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka rufe wannan ciniki a farkon shekarun 1990.

Abin da ya riƙe Fijo a hanya shi ne bakanike. Injinta a fili yake, ka ɗaga bonet ka ga komai, hannu na isa ko'ina. Idan tana shaƙewa, a kwance kafireto a wanke da fetur a busa da baki. Idan ta ƙi tashi, a goge kwantak da 'yar takardar yashi, a duba fulogi. Fambel ya tsinke a daji, direba ya ɗaura igiya ya lallaɓa zuwa gari. Sassan wata na shiga wata, abin da ya mutu a jikin wannan a ciro daga waccan, abin da babu a kasuwa mai walda da maƙeri su ƙera. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi gareji ya ce, “Malam, ga ɗanka nan,” yaro ya shekara yana miƙa sifana da wanke ƙarafa kafin a bar shi ya taɓa inji. Ya fito da kunnen da ke jin ciwon mota tun tana nesa. Wannan ilimi ne na gaske, an gina shi cikin shekaru, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ba da kuɗin gwamnati ba, kuma ya ciyar da gidaje masu yawa daga Sakkwato har Tawa. Gidan mai da gareji da tasha abu ɗaya ne a lokacin, kowane na ci daga ɗan'uwansa.

To, ina aka rabu? Nijar ba ta da matata a wancan zamani. Manta daga tashar ruwan Kwatano yake tasowa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Parakou, ya shiga tanka ya ƙetaro ta Gaya, ga haraji a kansa. Namu kuwa gwamnati ke tallafa masa, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, bututu na kai mai daffon Gusau. Lita ta koma kobo 15.3 a 1978, kobo 20 a 1982, alhali naira ta fara faɗuwa a gaban sefa a kasuwar canji. Mai kamar ruwa yake, inda ya ga gangare can yake bi, gangaren kuwa arewa ya kalla. A watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki tare da canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. A ganina, abin da rufewar ta fi bari a baya shi ne sanin hanyoyin daji. Mutanen da suka saba bin titi a gaban kwastan suka koyi bin gona da dare, kuma da aka buɗe ba su manta ba.

Daga nan abin ya yi sauri. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, aka saki naira ta yi ta gangarawa. Fetur ya koma kobo 39.5 a shekarar, kobo 70 a 1991, naira 3.25 a ƙarshen 1993, naira 11 a 1994. Mu muna ganin tsada, amma ga mai riƙe da sefa kusan kyauta ne, ko bayan da aka karya darajar sefar da rabi a Janairu 1994. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka ba 'yan kasuwa masu zaman kansu izinin buɗe gidajen mai, domin mai ya isa garuruwan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba. Niyya ce mai kyau, kuma ta yi amfani a wurare da yawa. A bakin iyaka kuwa sai aka riƙa gina gidajen mai fiye da abin da motocin gari za su iya sha. Tanka ta sauke da dare, kafin hantsi an ce mai ya ƙare. Direban da ya shekara ashirin yana shan mai a wuri ɗaya ya zo ya tarar da sarƙa, ya juya ya saya a hannun 'yan bumburutu a ƙofar gidan man, ninki biyu. A Ƙonni da Maraɗi ana kiransa ruwa-ruwa, ana jera shi a kwalabe. Mai gidan man da ke samun ribar wata guda a dare ɗaya ba ya buƙatar littafin bashi, ba ya buƙatar mai share gilashi, ba ya ma buƙatar sanin sunan direba.

Ita kanta Fijo an shigar da ita wannan aiki, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ƙarfin bayanta da ya sa take ɗaukar iyali guda da kayansu shi ya sa ta dace da fito. A cire kujerun baya, mai walda ya faɗaɗa tanki ko ya ƙara na biyu, a cika sauran wurin da jarkoki, a kashe fitila a shiga daji. Da yawa a can suka ƙare, wasu a hannun kwastan, wasu da wuta, tare da samarin da ke cikinsu. Ba na zagin waɗannan samari. Wanda ya taso ya ga noman damina ɗaya ba ya kai shi rani, ya ga tafiyar dare ɗaya na biyan abin da buhun gero ba ya biya, ba sai an yi masa huɗuba zai zaɓa ba. Tsarin da ya ajiye farashi biyu a tazarar da babur ke yi cikin mintuna shi ya buɗe wannan ƙofa, manyan da ke sama da su kuma da tanka suke fitarwa.

Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci tun daga SAP. Sai motocin Kwatano suka cike gurbin, tsofaffin Turai da ake saukewa a tashar ruwan Benin, a bi da su ta Gaya da Doso zuwa Ƙonni ko Maraɗi, su shigo Najeriya. Golf ta karɓe hayar gajeren zango, Sharon da bas-bas suka karɓe dogo, Toyota da Honda suka shiga gidajen masu hali. Kaduna ta daina harhaɗa 504 a wajajen 2006, ita ce kusan ta ƙarshe a duniya da ta riƙe ta. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa. Amma abin da ya maye gurbin akori-kura a ƙauye babur ne, na Sin da na Indiya, kabu-kabu mai shiga inda mota ba ta shiga, mai ɗaukar jarkoki a gefe da gefe. Motocin yanzu kuma kwamfuta ce ke raba musu mai, idan ta rikice sai an jona na'ura. Tsohon bakanike mai kunne ya tsaya yana kallo, yaransa suka koma gyaran babur da janareto.

Shekarun baya-bayan nan kowa ya gan su. An rufe iyaka a Agusta 2019. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Illela da Araba kuma a tsakiyar wannan zobe suke. Mai injin niƙa, da mai injin ban-ruwa a fadamar Kalmalo, da direban da bai taɓa fitar da ko lita ɗaya ba, duk aka haɗa su da masu laifi, ko dai su yi doguwar tafiya ta wajen Gwadabawa, ko su koma ga jarka. Umarnin da aka yi don kashe bumburutu sai ya bar gari ba shi da wani gidan mai sai bumburutu. An buɗe Illela ranar 16 ga Disamba 2020, cikin iyakoki huɗu na farko tare da Seme da Maigatari da Mfum. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Wata biyu bayan haka sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yamai, aka sake rufe iyaka har Maris 2024. Kafin ƙarshen wannan shekara lita ta haura naira 1,000. Nijar kuwa tana da matatarta a Damagaram tun 2011, ta kuma rage farashin fetur zuwa sefa 499 a Yuli 2024. Tazarar ta ƙanƙance, fito ya ja baya, sai ga dogayen layuka a gidajen man Yamai a Maris 2025, domin matatar ba ta iya ɗaukar nauyin da man Najeriya ke ɗauke mata a ɓoye ba. Gidajen man da aka gina don ƙetare su ne yanzu ciyawa ke ci.

Ba na cewa zamanin Fijo ba shi da aibu. An yi lodin da ya wuce hankali, an yi haɗurran da suka share iyalai, mace mai naƙuda ta jira mota tun safe har dare, fasinja ya kwana a daji saboda ƙarfe ɗaya. Babur ya ceci rayukan da akori-kura ba za ta iso da wuri ta ceta ba. Abin da nake kewa shi ne ciniki tsakanin mutanen da suka san juna kuma suke buƙatar juna gobe, da mota wadda ɗan gari zai iya buɗewa ya gane ya gyara. Waɗannan biyu ba arhar mai ta kawo su ba, sun riga ta, kuma ita ta raunana su. A Oktoba 2024 an ƙaddamar da aikin sabon babban titi mai kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Idan ya tabbata, gidajen man da za su biyo shi manya ne masu famfo goma, mallakar kamfanonin da ba su san ranar kasuwar Illela ba.

Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta tana ajiye a gidan tarihi na Legas, ɗalibai na zuwa kallo. Motar da ta ɗauki talakan Arewa shekara talatin ita ma ta cancanci rumfa. Har yanzu akan ga akori-kura ɗaya-ɗaya ranar Lahadi tana ɗauko itace ko ƙaiƙayi, akan kuma ga gangar jikin 504 a bayan gareji, amma 'yan gwangwan na zagayawa da sikeli, kuma da kilo suke saye. Sakkwato tana da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu. Sayen 404 ɗaya mai lafiya, da wagon ɗaya, da famfon gilashi idan an dace da shi a wani ƙauyen nan ko na Ƙonni, da garwa da ganga da mazurari, ba zai kai kuɗin sabuwar motar jami'i guda ba. A haɗa da na'urar naɗar murya, domin direbobin da suka tuƙa a hannun hagu kafin 1972 sun haura saba'in. 'Yan ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashar Illela sun san masu waɗannan motoci, sun kuma san gidajen dattawan da ya kamata a fara sallama da su.